Banna ko ɓanna: ina alhakin mai dizain ya tsaya?

Wanda ya bi titin IBB a birnin Katsina, wajajen Ƙofar Ƙaura, in ya ɗaga kai zai ga bango da turakun lantarki ba masaka tsinke. Ga fostar ɗan takara an manna ta kan ta wanda ya riga shi, ga bannar saukar karatu, ga tallar maganin basir, ga sanarwar ɗaukar ɗalibai a wata makarantar kuɗi. Kowace ɗaya sai da wani ya zauna gaban kwamfuta, ko ya duƙufa kan waya, ya tsara ta. Sunansa ba ya jiki, sai dai wata 'yar lambar waya can ƙasa a kusurwa.

Tun da sabuwar dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta fara aiki a 2022 ake ta ruɗani a tsakanin masu wannan sana'a. Wasu sun ji an ce duk tallar da za a fitar, ko da a Facebook ce, sai an tantance ta. Wasu suka ce ai wannan magana ce ta manyan kamfanonin Legas. Ana cikin haka sai batun hana roba ya taso: Legas ta haramta farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024, ta kuma fara tilasta hana wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a jefar daga 1 ga Yulin 2025. Tambayar da ke yawo a shagunan buga takardu ita ce: idan talla ta yi ƙarya, ko banna ta toshe kwata, wa za a kama? Mai aikin, mai zanen, ko mai injin?

## Su wane ne ake magana a kansu

Aikin talla hannu uku yake bi. Akwai mai aiki, wanda ya zo da buƙata da kuɗi. Akwai mai dizain, wanda ke zaɓar hoto da launi da girman rubutu, ya jera su yadda ido zai kama. Sai mai inji, wanda ke fitar da abin a kan takarda, sitika, riga ko fileks, wato robar da ake buga banna a kai. A manyan birane kowanne kamfani ne mai zaman kansa. A Katsina da Daura sau da yawa na biyu da na uku shago ɗaya ne, wani lokaci ma mutum ɗaya.

Kaɗan daga cikinsu ne suka karanci fannin a makaranta, irin sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mafi yawa a gindin maigida suka koya, da manhajojin zane na CorelDRAW da Photoshop, ƙannensu kuma yanzu da Canva ko PixelLab a waya. Kafin su, masu fenti da buroshi ne ke riƙe da sana'ar, suna rubutu a kan allon katako, kwano ko farin yadi. Aikin na cin kwanaki, don haka ba a yin sa barkatai. Zuwan manyan injinan buga fileks ya mayar da aikin kwana uku na awa ɗaya, kuma abin da ya yi sauƙi dole ya yawaita.

Idan an ce alhaki a nan, abu biyu ake nufi. Na farko shi ne abin da saƙon ke yi wa wanda ya karanta: ya faɗa masa gaskiya ko ya yaudare shi, ya mutunta shi ko ya tunzura shi. Na biyu shi ne abin da kayan ke yi wa gari bayan saƙon ya gama aiki.

## Tsohuwar muhawara ce

A 1964 wani mai zane ɗan Ingila, Ken Garland, ya wallafa wata takardar matsaya da abokan sana'arsa sama da ashirin suka sa wa hannu, suna kukan cewa basirarsu na ƙarewa a tallar sabulu da sigari alhali alamomin titi da littattafan makaranta na neman masu gyara. An sake sabunta takardar gab da shekarar 2000. Daga nan batun ya shiga makarantun koyar da zane.

Amma Bakatsine ba ya buƙatar zuwa Landan kafin ya gane tushen maganar. A garin da ke da hasumiyar Gobarau, an daɗe da sanin malamin da ke kwafar littafi da hannu. Ba shi ya wallafa ba, amma idan ya kai ƙarshe yakan rubuta sunansa ya roƙi mai karatu ya yafe masa kuskuren alƙalami. Wato mai kwafi ma yana ganin akwai amanar da ke wuyansa, ko da maganar ta wani ce.

## Abin da doka ta ce

Dokar ARCON ta 2022 ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON da aka kafa a 1988. Abin da ya fi shafar masu dizain shi ne sashen da ya ce duk wanda ya ƙirƙiri talla ko ya sa aka fitar da ita ga kasuwar Najeriya, ta kowace kafa, ba tare da amincewar kwamitin tantancewa ba, ya yi laifi, har da mai ɗaukar nauyi da mai cin moriyar tallar. Kalmar ƙirƙira ita ce ta jawo mai zane ciki. Dokar ta kuma kafa kotu ta musamman don laifukan talla. A Oktoban 2022 hukumar ta maka kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, a kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba.

Ba kowa ne ya yarda da faɗin wannan iko ba. Ƙungiyar masu ba da talla ta ƙasa, ADVAN, ta ƙalubalanci dokar a kotu. Tantancewar kanta ma ba ta zama garkuwa ba: a Agustan 2023 an rusa sakatariyar kwamitin tantancewar saboda an amince da wasu allunan talla masu cewa idon kowa na kan alƙalai, lokacin da ake shari'ar zaɓen shugaban ƙasa.

Katin ɗaurin aure ko sanarwar rasuwa ba su ne abin da dokar ke farauta ba. Tallar kaya, tallar sana'a da tallar siyasa su ne. A aikace, da wuya jami'in hukumar ya shigo shago a Ƙofar Marusa saboda fostar mai sayar da atamfa, amma rashin zuwansa bai goge rubutun dokar ba.

Akwai wasu dokokin da suka fi kusa da aikin yau da kullum. Tallar magani da abinci sai da izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Dokar abinci da magunguna ta jera cututtukan da aka hana a yi wa jama'a tallar maganin warkar da su, cikinsu har da ciwon daji, ciwon suga, hawan jini da farfaɗiya. Dokar zaɓe ta hana taken kamfe mai zagi ko mai taɓa addini, ƙabila ko yankin wasu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare hoton mai hoto da zanen mai zane, don haka sauko da hoto daga intanet ba ya mayar da shi naka. Shi kuwa ikon kula da allunan talla na waje, kundin tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya bai wa, duk da cewa jihohi da dama sun kafa hukumominsu sun karɓe aikin.

Abin lura: duk waɗannan dokoki kan maganar da ke jikin banna suke. Bannar kanta, bayan iska ta yage ta, da wuya ka ji an tambayi mai ita.

## Minti goma a gaban allo

Yadda abin ke faruwa ya fi saurin yadda doka ke tunani. Mai maganin gargajiya ya shigo da kwalba da takarda a ninke, ya ja kujera kusa da yaron da ke kan kwamfuta.

"Yaro, ga shi nan. Ka rubuta mani da manyan baƙaƙe: yana warkar da suga, hawan jini, basir da sanyi, cikin kwana bakwai. Ka sa hoton likita da farar riga. Can ƙasa kuma ka sa lambar NAFDAC."

"Baba, ina lambar take?"

"Ana kan nema. Ka dai sa wata, ai ba mai dubawa."

A nan mai dizain ke da iko fiye da yadda yake zato. Kwalbar da ta shigo ba ta da wani kwarjini. Hoton likitan da aka ɗauko daga intanet, da koren launi, da 'yar lambar nan, su za su sa dattijuwa mai ciwon suga ta ajiye maganin asibiti ta koma kanta. Su ma magungunan gargajiyan da NAFDAC ta yi wa rajista ta wucin gadi, lambarsu kan ƙare da harafin L, kuma ana buƙatar a rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwar ba. Wannan layi yakan fito, amma da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, cikin launin da ya saje da bango. An bi doka a takarda, an kuma kauce mata da girman harafi, kuma mai zane ne kaɗai ya san yadda aka yi.

Gwamnati ma ta san ƙarfin wannan. Shi ya sa ƙa'idojin hana shan taba na 2019 ba su tsaya kan a rubuta gargaɗi ba, sai da suka ƙayyade girmansa: daga 2021 hoton gargaɗi ya cinye rabin fuskar kwalin sigari.

Ɗan'uwan tallar maganin nan shi ne katin labari na bogi. A ɗauki tambarin wata sananniyar kafar labarai, a sa hoton malami ko ɗan siyasa, a rubuta maganar da bai faɗa ba, a saka a WhatsApp. A jihar da ke fama da matsalar 'yan bindiga, katin da ya ce an kai hari wani gari, ko ya ɗora laifi kan wata ƙabila, yana iya tayar da kasuwa ko ya jawo ramuwar gayya kafin a ƙaryata. Mutane sun fi gaskata abin da ya zo a tsare da tambari a kan saƙon da aka rubuta kara zube. Gwanintar mai zane ita ce ke ba ƙarya riga.

## Lanƙwasa guda

Akwai wani alhakin da ba doka ba ce ta ɗora shi. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfutocin shaguna ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Sai a zubar da lanƙwasar a wuce. Gidan saukar baƙi ya koma gidan saukar baki, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. A bakin Katsinawa ma, tsakanin banna da ɓanna, wato ɓarna, lanƙwasa guda ce tak. Babba zai gane daga ma'ana, amma yaron firamare da ke koyon karatu daga allunan titi yana ɗaukar kuskuren a matsayin daidai. Salon haruffa masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe suna nan kyauta, saukewa kawai ake yi.

Haka batun wanda aka yi saƙon dominsa. Sanarwar rigakafi ko ta rajistar katin zaɓe da aka rubuta da Turanci zalla, aka kafa a kasuwar ƙauye, ta cika sharaɗin kwangila amma ba ta isa ga kowa ba. Dubban mutane a ƙasar Katsina da Daura sun fi sakewa da ajami a kan boko. Surutun da ya biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga naira 100 ta 2014, ya nuna cewa rubutun da aka zaɓa yana gaya wa mutum ko an sa shi a lissafi. Rubutu rawaya a kan fari, ko ja a kan kore, shi ma yana fitar da tsoho da mai raunin gani daga cikin masu karatu.

## Bayan an watse

Fileks ba takarda ba ce, ba kuma yadi ba. Saƙar zaren roba ce aka shafe da wata robar da ake kira PVC, wadda fiye da rabin nauyin asalinta sinadarin kulorin ne. Saboda an haɗe abu biyu, ga tawada a kai, masu narka roba ba sa son ta, shi ya sa 'yan jari-bola ke wuce ta su ɗauki gorar ruwa. Ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta har ta yi ƙamas, ta dinga karyewa gutsi-gutsi.

A yi lissafi mai sauƙi. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Banna mai tsawon mita uku da faɗin mita ɗaya takan kai kilo guda ko ta ɗara. In ɗan takara ɗaya ya kafa goma kacal a kowace mazaɓa, banna 3,610 ke nan, sama da tan uku da rabi na roba. Ɗan takara ɗaya, zagaye ɗaya. Ba a sa na sanatoci da 'yan majalisa da ƙungiyoyin magoya baya ba, balle na barka da Sallah da ake jerawa a hanyar hawa a Katsina, ko lokacin Hawan Magajiya a Daura, waɗanda aikinsu na kwana uku ne.

Ina suke zuwa? Wasu kan samu rayuwa ta biyu, kuma a nan talaka ya riga masana: rufin rumfar mai shayi, labulen Keke Napep da damina, shimfiɗar shanyar barkono, inuwar akurkin kaji. Wannan ya fi zubarwa, ko da yake shanya abinci a fuskar da ke da tawada ba dabara ba ce, a juya bayanta ya fi. Sauran kuma bola ko kwata. Wadda ta faɗa kwata takan tare yashi da leda, ruwan farko na damina ya rasa hanya ya shiga gidaje. Wadda ta je bola wuta ke jiran ta. Ƙona PVC a fili yana fitar da hayaƙi mai yaji da ke cin ido da maƙogwaro, yana kuma iya haifar da gubar dayoksin, wadda ke cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a gaba. Gubar kan kwanta a ƙasa da toka, ta taru a kitsen dabba, ta dawo wa mutum ta nama da madara. Kowa kuma ya san su wa ke kiwo a bola.

A cikin shagon ma akwai nasa. Tawadar manyan injina na da sinadarai masu tashi a iska, warin nan da ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Yaron da ke yini a ɗaki rufe, ga janareta na ruri a baya, shi ne farkon mai shaƙa.

Takarda ta fi sauƙi, amma ba ta kuɓuta ba. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba, Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa ko raguwa, don haka mafi yawan takardar bugu daga waje ake shigo da ita da dala. Da zarar an shafe kati ko kalandar biki da leda don ta yi sheƙi, ta fita daga sahun abin da za a sake sarrafawa. Ragowar fosta kuwa takan ƙare a hannun mai ƙosai da mai tsire, mai zafi ya narka tawada ya shiga abinci.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu sana'ar da dama na cewa su 'yan aike ne, kuma ɗan aike ba ya laifi. In ka ƙi aikin mai maganin nan, shago na gaba zai karɓa, kai kuma ka kwana da kuɗin haya da na man janareta. Kakar zaɓe ita ce kakarsu, da ita ake biyan bashin shekara. Game da fileks kuma, hujjarsu mai ƙarfi ce: ita ke kasuwa, ita ke jure rana da ruwa, ita mai aiki ke iya biya. Fileks marar PVC da yadin bugu suna nan a duniya, amma sun fi tsada kuma ba kowane dila ke kawo su Arewa ba.

Masu kula da lafiya da muhalli na amsawa da cewa ɗan aike bai san abin da ke cikin wasiƙa ba, shi kuwa mai dizain shi ya rubuta ta. Wasunsu na ganin sai an yi hani kai tsaye, suna kafa misali da jihar Kerala ta Indiya, inda babbar kotu ta hana amfani da fileks a kamfen zaɓen 2019. Masu adawa da hanin na cewa a inda ba a tanadi madadi ba, hani kan zama hanyar karɓar na goro, ƙaramin shago ya rufe, babba ya ci gaba.

Akwai na tsakiya, masu cewa a raba abin gida biyu. Zaɓen kayan bugu da kwashe shara ya fi ƙarfin mai zane, na mai aiki ne da hukuma, misali a sa ɗan takara ya ajiye kuɗin jingina da ba za a mayar masa ba sai ya kwashe bannoninsa. Amma abin da ke kan allo kafin a danna bugu, wannan na mai zane ne, kuma nan ne gyara ya fi araha. Idan aka auna hujjojin, wannan rabon ya fi kusa da yadda aikin ke tafiya a zahiri.

## Abin da zai taɓa aljihu da lafiyar mutane

In aka tsananta tantance talla har ta sauko ƙananan garuruwa, kuɗin tantancewa da jiran amincewa za su hau kan farashi. Kamfani ba zai ji ba, amma mai ɗinki da mai sayar da turare za su ji, kuma da yawa za su koma tallar baki da saƙon murya. Ribar da jama'a za su samu ita ce raguwar tallar maganin bogi da ta aikin ƙasar waje na yaudara, in har aka fara da su. In kuma hanin roba ya iso kan fileks, banna za ta yi tsada, masu fenti da yadi su sake samun ciniki, mai shayi kuma ya nemi wani rufin.

Kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya iso, akwai abubuwan da ba sa jiran doka, kuma yawancinsu rage wa mai aiki kuɗi suke yi. Kuskuren suna ko kwanan wata shi ne babban dalilin sake bugu, don haka tura samfuri ga mai aiki ya karanta kafin a buga yana ceton banna guda cur. Launin allo haske ne, na inji kuwa tawada huɗu ake gaurayawa, wanda bai daidaita su ba zai ga shuɗinsa ya fito wani iri, a sake. Auna zane daidai da faɗin naɗin fileks ko girman takarda yana rage yankakken gefe da ake sharewa kullum da yamma.

Sai batun kwanan wata. Makarantar Islamiyya da ke bugo sabuwar bannar sauka duk shekara, abin da ke canzawa a jiki bai wuce shekara da rana ba. In mai dizain ya bar gurbi a wurin, aka riƙa liƙa 'yar sitika, banna ɗaya za ta kai shekara uku ko huɗu muddin ana naɗe ta a ajiye a inuwa. Matsalar ita ce shagon ya rasa bugu biyu ko uku, kuma mai shagon ne da kansa zai ba da shawarar.